Rana kyauta ce, dare ake saye

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da rani a 'yan shekarun nan, ya ɗan ratse ya leƙa fadama, zai ji wani abu ya canja ko da bai gane shi nan take ba. Shiru ne ya ƙaru. A da, tun hantsi har la'asar sakaliya ba abin da ke shiga kunne sai ƙugin injin ban ruwa, wannan na amsa wa wancan, ga warin fetur ya cakuɗe da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yanzu akwai gonakin da za ka tarar ruwa na kwarara cikin fangalin shinkafa babu ƙara babu hayaƙi, sai baƙaƙen farantai biyu ko huɗu da aka tokare da ice suna kallon sama.

Na tambayi wani kawuna da ke noman rani a fadamar Argungu, na ce, "Kawu, yaya ka ga wannan abin?" Bai ko ɗago daga gyaran kwabbin da yake yi ba, ya ce, "Ɗana, wanga abu ba shi cin komi sai rana. Ita ko rana, ban taɓa ganin an yi layi wurin sayenta ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma gaskiyar gona ce, ni kuwa na ɗauko ta na kawo gida ba tare da na tace ba, kuma ta ci mini kuɗi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, manomi yana son wuta daidai lokacin da rana take bayarwa. In ta take, injin ya yi ta zuba. In ta faɗi, ya naɗe tiyo, ya ɗora farantansa a amalanke ko babur ya tafi gida. Ba ya ajiye komai sai ruwan da ƙasa ta sha. Mai gida a unguwannin Birnin Kebbi irin su Gesse ko Badariya ko Bayan Kara kuwa, lokacin da ya fi matsuwa da wuta shi ne ƙarfe 2 na dare a watan Afrilu, bango na mayar da zafin da ya haɗiya da rana, yara na juyi a tabarma, sauro na kiɗa. A wannan lokacin farantin da ke kan kwanonsa bai fi murfin tukunya amfani ba. Abin da zai juya masa fanka batir ne, kuma a wurin batir ɗin ne ake cin riba ko a tafka asara. Wannan shi ne dukan abin da nake son faɗa, sauran bayani ne.

Ba kwalliya ce ta sa mutane ke ta tambayar sola ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Janareton da ya kasance abokin rufin asirin kowane matsakaicin gida ya koma kamar baƙon da ya fi mai gida ci. A watan Satumba na 2023 ɗin gobara ta tashi a babbar tashar wuta ta Birnin Kebbi, ta cinye manyan taransifoma, Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. A farkon daminar 2025 kuma guguwa ta kayar da wasu turakun babban layin da ke kawo mana wuta daga Kainji, a yankin Shanga. Duk wannan yanki a rataye yake da wannan layi mai ƙarfin kilobolt 330, in ya yi tari mu ne muke kwanciya.

Abin da ke ƙara ciwo shi ne tarihin. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutane sama da dubu 40 daga gidajensu, da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Yauri ne, wato 'yan wannan jiha ta yau. Daga Birnin Kebbi ne kuma layin wuta ya miƙe ya bi ta Dosso ya shiga Yamai, wanda ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da mafi yawan wutar babban birnin Nijar. Da Nijeriya ta katse musu shi a Agusta 2023 bayan juyin mulki, abin da ya rage musu raɗaɗi har da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke bakin Yamai. Maƙwabta sun koyi darasin da tsiya. Mu ma muna koyonsa, sai dai kowa a tsakar gidansa, da kuɗin aljihunsa. Kuma da aka ji an ware naira biliyan 10 a kasafin 2025 don sa wa fadar shugaban ƙasa sola, ai magana ta ƙare. In mai rabon tuwo ya koma yana dafa nasa a gefe, ba sai an gaya wa 'yan layi abin da ake ciki ba.

To, na yanke shawara na saya. Na je wani shago da ba zan ambata ba, na ce ina son abin da zai ɗauki gida. Mai shagon bai tambaye ni fanka nawa ce a gidan ba, bai tambayi awa nawa nake kunna janareto ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, nawa ka riƙo?" Daidai kuɗin ya haɗa mini kaya, farantai masu sheƙi, inbata mai fitilu kala-kala, da batir biyu irin masu ruwa waɗanda ya ce za su kai ni shekara biyar. Wata uku na farko na zama mai wa'azin sola a majalisa. Kafin shekara ta zagayo, wutar da ke kai mu asuba ta koma mutuwa ƙarfe 1 na dare, inbata na ƙara kamar ɗan tsakon da ya ɓata. Kafin wata 18 batiran sun zama duwatsun zama. Na zargi mai shago, kuma yana da nasa kason, don cinikin biri a sama muka yi. Amma da na zauna na yi wa kaina adalci, sai na tuna dutsen guga da ake jonawa da daddare, da abin dafa ruwan shayi, da tsohon firjin da ke jan wuta kamar rijiya, da ɗakin da na ajiye batiran, wanda ko taga ba shi da ita.

Ya kamata mai saye ya san wasu 'yan lambobi kafin ya shiga kasuwa, ba su da wuya. Abin da mita ke kira yunit shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Farantin da aka rubuta wa wat 500, in na gaske ne kuma yana da tsabta, a ranarmu ta Kebbi yana ba da kamar yunit 2 a wuni. Huɗu za su ba ka kamar 8. Fankar sama ta gargajiya tana cin wat 60 zuwa 75, saboda haka uku da za su kwana suna juyi awa 10 sun lashe yunit 2. Ƙwayayen fitila na zamani takwas, da talabijin, da cajin wayoyin gida, duka da ƙyar su kai yunit 1. Ke nan daren matsakaicin gida yunit 3 ne, in ba a sa firji ba. Na'urar sanyaya ɗaki mafi ƙanƙanta kuwa tana cin abin da ya kusa yunit 1 a kowace awa. Ita kaɗai a dare ɗaya sai ta cinye ninkin abin da dukan gidan ke ci.

Sai batir. Babban batir mai ruwa, wanda aka rubuta wa bolt 12 da amfiya 200, a takarda yana ɗaukar yunit 2.4. Amma in kana son ya yi rai, rabi kawai za ka riƙa sha ka bar masa rabi. Biyun da na saya ke nan yunit 2.4 suke iya ba ni lafiya lau, ni kuwa ina tatsar su har ƙasa kowane dare. Ga zafi kuma. An ƙera irin waɗannan batiran ne da lissafin yanayi mai maki 25, kuma ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce duk ƙarin maki 10 a kan haka yana raba kwanan batir biyu. Mu da muke ganin maki 42 da 43 a inuwa daga Maris zuwa Mayu, sai mutum ya yi wa kansa hisabi. Batirin litiyam, musamman irin da ake kira LiFePO4, ya fi tsada nesa ba kusa ba ranar saye, amma ana iya shan kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, ba a zuba masa ruwa, kuma mai kyau yana jure caji da saukewa sau dubbai. Wanda ya sayi mai ruwa sau uku cikin shekara bakwai ya biya kuɗin litiyam, ya ƙara da ɓacin rai kyauta. Shi kuwa faranti, masu ƙera na kirki suna ba shi garantin shekara 25, kuma farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, albarkacin masana'antun Sin da ke yin fiye da kashi 80 na farantan duniya. Shi ne mafi arha a cikin kayan, shi ne mafi tsawon rai, kuma shi ne muke tsayawa muna taya shi kamar ragon layya, mu bar batir a zaɓa mana.

Yanzu lissafin da ya fi muhimmanci, wanda yawancinmu muke yin sa a karkace. Mutum sai ya ɗauki kuɗin sola ya gwada da takardar kuɗin wuta, ya ce ai ba ta biya. Ko kuma ya ji maƙwabci ya ce ta biya shi, ya ɗauka shi ma za ta biya shi. Amsar tana ga abin da solar za ta maye gurbinsa a gidanka.

Mu ɗauki gidan da ke ƙona lita 3 ta fetur kowane dare, mu ɗauka lita naira 900 ce, mai karatu ya sa farashin da ya saya yau. Naira 2,700 ke nan a dare, 81,000 a wata, 972,000 a shekara. In ka ƙara baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki da igiyar da ke tsinkewa, ka haye miliyan ɗaya. Ƙaramin janareto da wuya ya fitar da yunit 2 daga lita guda, saboda haka wannan mutumin yana sayen yunit ɗaya a kan abin da ya kai naira 450 ko fiye. Ka gwada da naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta NERC ta sa wa masu wutar layi 'yan rukunin A a Afrilu 2024, farashin da ƙasa ta ɗauki kuka a kansa. Wato mai janareto ya daɗe yana biyan wutar da ta fi ta kowa tsada, don dai yana biya da ɗai-ɗai ne a gidan mai shi ya sa bai ji nauyin ba. In irin wannan gida ya haɗa sola ta, a ce, naira miliyan 3 mai batirin kirki, cikin shekara uku kuɗinsa sun dawo, abin da ya biyo baya riba ce. Ban san wata halastacciyar ajiya da ma'aikaci zai yi ta mayar masa da kashi ɗaya cikin uku a shekara ba. Ga wannan mutumin, jinkiri ma asara ce.

Amma ga wani gidan, wanda ba ya kunna janareto sai ranar suna ko in baƙo ya zo. In an kawo wuta a gode Allah, in an ɗauke a fito da tabarma tsakar gida. Yana biyan, a ce, naira 10,000 a wata, 120,000 a shekara. In ya zuba miliyan 3 a sola, sai ya shekara 25 kafin ya ga kuɗinsa, alhali zai canja batir da inbata a hanya. Wannan ba jari ya zuba ba, barci ya saya. Ban ce laifi ba ne. Barci a bazarar Kebbi abin saye ne, kuma duk wanda ya taɓa raino ko jinyar tsoho a watan Afrilu ya san darajar fankar da ba ta tsayawa. Sai dai ya san abin da yake saye, don kada ya ci bashi yana zaton abin zai biya kansa. Kuma barcin nan ana samun sa da kuɗi kaɗan. Fankar sola mai cin wat 20 ko 30, da faranti ɗaya, da ƙaramin batir, da ƙwayaye huɗu, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wancan kuɗin ba, kuma su ne suka dace da mafi yawan gidajen Argungu da ƙauyukanta. Daidai ruwa daidai tsaki.

A Jamus ko Ostareliya, mai gida yana tura rarar wutarsa ta rana cikin babban layi a biya shi, da dare ya jawo. Layin gwamnati ne batirinsa. Shi ya sa lissafin da ake gani a intanet ba namu ba ne, kada a ruɗe mu da shi. Mu a nan, in batir ya cika da ƙarfe 12 ko 1 na rana, duk abin da farantai za su iya bayarwa daga nan zuwa la'asar ya tafi a banza, ba mai saye. Wannan rarar ita ce dukiyar da ke zube a kan kwanukanmu, kuma a nan ne ya kamata mai gida ya koma ɗalibin manomi.

Uwargidana ce ta fara gane wannan, ba ni ba. Bayan mun sake kayan, ta mayar da guga tsakanin ƙarfe 11 da 2. Famfon da ke tura ruwa tanki sai rana ta take. Niƙan kayan miya da rana. Firiza ta yi ta aiki tun hantsi har la'asar, a kashe ta da magariba, kuma in ba a yawan buɗe ta ba sanyin na kai wa gari ya waye. Ƙanƙara ita ma ajiyar rana ce, kamar yadda tankin ruwa a sama ajiyar rana ne, kuma babu ɗayansu da ke mutuwa bayan wata 18. Da azumi ya zo cikin zafi, lokacin da ƙanƙara ke zama kamar zinariya gab da shan ruwa, abin da ta samu daga ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ya sa na daina yi mata gorin kuɗin firizar. Ita ce ma take yi mini na batiran farko.

Saboda haka nake ganin waɗanda sola ta fi yi wa rana, in an yafe mini wasa da kalmar, su ne masu sana'ar rana: tela, mai aski, mai cajin waya a tasha, mai kemis da ke ajiye allurai a firji, mai shagon kwamfuta da buga takardu a bakin makaranta, matar da ke sayar da kayan sanyi daga cikin gida. Su suna shan wutar tana fitowa, ƙaramin batir ya ishe su. Dubban injinan ban ruwa masu sola da gwamnatin Kebbi ta Gwamna Nasir Idris ta raba wa manoma sun kama ne saboda wannan dalilin. A jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, jihar da ke ciyar da manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, fetur ya kusa kashe noman rani bayan 2023. Faranti ne ya riƙe mutane da yawa a gona.

Akwai abubuwa uku na ƙasarmu da mai shago ba ya faɗa. Mutane na cewa zafin Kebbi ai abincin sola ne. Ba haka ba ne, haske take ci, zafi rage mata ƙarfi yake yi. Faranti a kan kwano da tsakar rana yana kai maki 60 zuwa 70, kuma kowane maki ɗaya sama da 25 yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, ka ga a Afrilu kusan kashi 15 ya tafi. Shi ya sa ba a manna shi da kwano, ana barin rata iska ta ratsa ta ƙarƙashi. Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana dusashe rana, ƙurar kuma ta kwanta a kan gilashi. Wanda ya kafa farantansa a inda ba mai iya hawa ya wanke, ya yi wa ƙura shimfiɗa. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, sau ɗaya ko biyu a mako, shi ne duk hidimar. A karkata su kaɗan su fuskanci kudu, kamar digiri 12 zuwa 15, daidai da inda muke a doron ƙasa, ruwan sama ma zai taya wanki. Na uku ita ce iskar farkon damina, wadda ke kwashe rufin makarantu kowace shekara. Iskar da ta kayar da turakun ƙarfe a Shanga ba za ta ji kunyar farantin da aka ɗaure da wayar ɗaurin kaya ba. A marka kuma, in hadari ya kwana biyu bai washe ba, a rage buri. Ko don wannan, kada a yi saurin sayar da janareto ko a yanke wayar NEPA don fushi, a bar su su zama 'yan ko-ta-kwana.

Babbar matsalar da ta rage ita ce amana. Kasuwa ta cika da farantan da aka canja wa takarda, na wat 300 ya kwana ya tashi 450. Akwai tsofaffin batiran da aka wanke aka sa a sabon kwali, akwai siririyar wayar da ke zafi kamar za ta narke, kuma gobarar sola ba tatsuniya ba ce. Yaron da ya yi wata biyu yana riƙe wa wani tsani sai ya buga kati ya zama injiniya. Abin da na koya da kuɗina shi ne, mai haɗa sola na ƙwarai yana farawa da zagaya gidanka da biro da takarda, yana ƙirga kayan wuta, kuma yana da ƙarfin halin ce maka kuɗinka ba za su ɗauki abin da kake so ba. Ka nemi ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba, ka tambayi matar gidan ƙarfe nawa wutarsu ke mutuwa. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce. Araha ba ta ado, a wannan harka ma har gida takan ƙona.

Wani abu kuma da ba mu fara maganarsa ba: ina matattun batiran suke zuwa? Masu ruwan nan dalma ce a cikinsu. 'Yan gwangwan na saye, wasu na fasa su a bayan gari su zubar da ruwan a ƙasa su narka dalmar a fili. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Kada a bar mataccen batir a tsakar gida yara na hawa, a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho a rage kuɗin sabo.

Ina da ƙorafi a kan lamarin gaba ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba. Mun haƙa wa kanmu rijiyar burtsatse, mun kai 'ya'yanmu makarantar kuɗi, mun ɗauki 'yan banga, yanzu kuma kowa zai zama kamfanin wutar gidansa. Duk mai hali da ya fice daga layin gwamnati, an rage murya ɗaya da za ta yi magana a ji in taransifomar unguwa ta lalace, a bar talaka da duhunsa. Pakistan ta shigo da farantan da suka kai kimanin megawat 17,000 a 2024 kaɗai, masu hali suka tsere wa layi, nauyin kuɗin ya koma kan waɗanda suka rage. Sola a gida maganin gida ɗaya ce, ba za ta juya injin casar shinkafa ko ta riƙe masana'anta ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu tsarin da kula da shi, kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disamba 2023 don shirin DARES na ƙananan tashoshin sola da na gidaje. Ya kamata a riƙa tambayar wakilanmu nawa ne ya iso Kebbi daga ciki. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar Aliero, ga cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke aikin hasken rana tun shekarun 1980. Ba abin da zai hana a horar da matasa a ba su shaidar da mai gida zai nema kafin ya bar mutum ya hau masa kwano. Maganar hana shigo da farantai daga waje da wani minista ya taso da ita a 2025 kuwa, a bari sai mun ga na gida a kasuwar Birnin Kebbi da farashin da tela zai iya saye.

Hukuncina dai shi ne: in kana ƙona fetur kullum, ko kana da sana'ar da ke cin wuta da rana, saya, kuma ka fara zuba kuɗinka a batir da waya da ma'aikaci kafin faranti. In fanka da fitila kawai kake nema, sayi ƙarama ka huta. In burinka ka kwana da na'urar sanyaya ɗaki kuma sai ka ci bashi ko ka sayar da gona, bari tukuna. In haya kake, nemi irin wadda za ka iya kwancewa ka tafi da ita ranar tashi.

Kafin ka je shago, mai karatu, ka ɗauki mako guda kana rubuta litar da ka ƙona, da awannin da aka kawo wuta, da duk abin da ke jone a gidanka bayan isha'i. Ka tafi da wannan takardar, kuma ka tafi cikin hunturu, lokacin da masu haɗawa ba su da layi kuma zafi bai hana ka ciniki ba. In ka bari sai Afrilu, duk abin da aka miƙo maka za ka karɓa.